Kuɗin Wata na Likita da Inshorar Lafiya a Amurka: Kowanne da Aikinsa

Duk wanda ya zauna a Amurka, ko yake da ɗan'uwa a can mai ba shi labari, ya san cewa riƙe katin inshorar lafiya bai tabbatar wa mutum ganin likita a ranar da yake buƙata ba. Za ka buga waya asibiti a ce maka babu gurbi sai nan da mako uku, ranar ta zo ka yi zaman jira, likita ya shigo ya ba ka minti goma sha biyar alhali rabin hankalinsa yana kan kwamfuta, yana cike bayanan da kamfanin inshora zai nema kafin ya biya, sannan bayan wata guda takardar kuɗi ta same ka har gida ɗauke da adadin da babu wanda ya ambata maka tun farko. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a harkar lafiya a shekarar 2023, wato fiye da kashi 17 cikin ɗari na dukan abin da tattalin arzikinta ya samar. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce wani tsari ya shigo, wanda a ciki majiyyaci yake biyan likitan iyali kuɗin wata kai-tsaye daga aljihunsa, kamfanin inshora bai shiga tsakaninsu ba. Ina goyon bayan wannan tsari, amma ina goyon bayansa da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne dalilin wannan rubutu.

Yadda abin yake gudana ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai sa hannu a yarjejeniya da wani likitan iyali, ya riƙa biyan wani tsayayyen kuɗi duk wata, wanda ga baligi yawanci yakan kama daga dala 50 zuwa 100, yara kuma ƙasa da haka. Abin da yake samu shi ne damar ganin likitan sau nawa ya buƙata ba tare da ƙarin biya ba, galibi a ranar da ya nema ko washegari, da damar aika masa saƙo ko kiransa a waya, da zama na rabin awa ko fiye a maimakon 'yan mintoci. Ana duba hawan jini da ciwon suga da asma da mura da ciwon ciki, ana ɗinke ƙaramin rauni, ana bibiyar maganin da mutum yake sha na tsawon lokaci. Da yawa daga cikin waɗannan likitoci sukan yi ciniki da ɗakunan gwaji domin majiyyatansu su sami awon jini a farashi mai sauƙi, kuma a jihohin da doka ta yarda sukan sayar da magunguna na yau da kullum kusan a kan farashin sari. Likitan ba ya aika wa kamfanin inshora takardar neman biya ko ɗaya, kuma a nan asirin tsarin yake, domin da zarar ya rabu da wannan aiki ya rage ma'aikatan da yake ɗauka don cike takardu da bin bashin kamfanoni, ya kuma daina auna ranarsa da yawan kawunan da suka wuce ta ofishinsa.

Lissafin ma a fili yake. Likitan iyali da ke aiki da kamfanonin inshora yakan riƙe majiyyata dubu biyu ko fiye a rajistarsa, domin ana biyansa ne a kan kowace ziyara, kuma sai ziyarar ta yi yawa kafin kuɗin su ishe shi biyan haya da albashi. Wanda ya koma kuɗin wata yakan tsaya a kan mutum ɗari shida zuwa ɗari takwas. Idan muka ɗauki mutum 600, kowanne yana biyan dala 80 a wata, abin da zai shigo a shekara ya kai dala 576,000, wanda ya isa a riƙe ƙaramin asibiti mai likita ɗaya da ma'aikaci ɗaya ko biyu. Saboda haka ba wani siddabaru ake yi ba, lokacin likita ne aka raba tsakanin mutane kaɗan, kowa ya sami kaso mai kauri.

Tsarin ya fara bayyana sosai a birnin Seattle na jihar Washington, inda Dokta Garrison Bliss ya koma karɓar kuɗin wata a ƙarshen shekarun 1990, daga baya kuma ya kafa Qliance a 2007, shekarar da jihar ta yi dokar da ta fayyace cewa irin wannan yarjejeniya ba inshora ba ce. A Wichita ta jihar Kansas, Dokta Josh Umbehr ya buɗe Atlas MD a 2010, kuma likitoci da yawa sun kwaikwayi salonsa. A yau fiye da rabin jihohin Amurka suna da dokoki makamantan ta Washington, ƙungiyar likitocin iyali ta ƙasar ma ta amince da tsarin. Akwai wani abu da ya yi kama da shi wanda mutane suke haɗa su, wato asibitocin da ke karɓar kuɗin zama mamba kuma duk da haka su caji inshorarka a kan kowace ziyara, kamar One Medical wanda Amazon ya kammala saye a 2023 a kan dala biliyan 3.9. Wannan daban ne, domin a can kana biyan kuɗin samun sauƙin shiga ne kawai, inshora tana nan a tsakiyar cinikin.

Kalmar nan da dokokin jihohi suka nanata, cewa yarjejeniyar ba inshora ba ce, likitoci ne suka nemi a rubuta ta domin kada hukumomin da ke sa ido a kan kamfanonin inshora su ɗora musu ƙa'idojin da ƙaramin asibiti ba zai iya ɗauka ba. Amma a ganina majiyyaci ne ya fi kowa buƙatar ya haddace ta. Inshora tana aiki ne da tara haɗarin mutane masu yawa a asusu ɗaya, dubban masu lafiya su zuba kuɗi domin a ɗauki nauyin 'yan kaɗan da babbar lalura za ta faɗa wa a wannan shekara, kuma babu wanda ya san ko shi ne a cikinsu. Kuɗin wata na likita ba ya tara haɗarin kowa. Abin da ka saya shi ne aikin hannun mutum ɗaya da abin da ke cikin ofishinsa, kuma iyakar abin da zai iya yi maka ita ce iyakar yarjejeniyar. Ranar da aka ce sai an yi tiyata, ko an kwantar da kai a ɗakin kulawa ta musamman, ko an gano ciwon daji, ko haihuwa ta zo da tangarɗa, ko mota ta buge mutum, likitanka zai iya ba ka shawara mai kyau, ya kira asibitin, ya bi sawun abin da ake yi maka, amma ba zai biya ko sisi daga cikin kuɗin ba, kuma irin waɗannan kuɗi a Amurka suna kaiwa ɗaruruwan dubban daloli. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa na kusan dukan asibitoci su duba duk wanda aka kawo su ceto ransa ko yana da kuɗi ko ba shi da su, sai dai dokar ba ta yafe bashin ba, takardarsa tana biyo baya.

A nan ne nake jin tsoro. Mutumin da ke tuƙa motar haya ko yake riƙe da ƙaramin shago, wanda babu wani kamfani da ke biya masa inshora, idan ya duba ya ga inshora tana cinye masa ɗaruruwan daloli duk wata kuma bai taɓa amfana da ita ba, sannan ya ga likita mai kirki da ke amsa wayarsa a kan dala 80, zuciyarsa za ta raya masa ya ajiye ta farkon ya riƙe na biyun. Tun daga 2019 gwamnatin tarayya ta daina cin tarar wanda bai da inshora, ko da yake wasu jihohi irin su California da Massachusetts da New Jersey suna da tasu tarar, don haka a yawancin wurare babu abin da zai hana shi. Abin da ba kowa yake tunawa ba shi ne ba a sayen inshora a ranar da aka ga dama. Kasuwar sayen inshora da dokar Obamacare, wato dokar gyaran inshorar lafiya ta 2010, ta kafa tana buɗewa ne a wani taƙaitaccen lokaci da ke farawa a watan Nuwamba, kuma a wajen wannan lokaci sai wanda wani babban sauyi ya same shi, kamar aure ko haihuwa ko rasa aikin da ke ba shi inshora, ake bari ya shiga. Ciwo ba ya cikin waɗannan dalilai. Wanda aka gano masa cuta a watan Maris alhali ba shi da inshora zai iya shafe watanni yana jiran ƙofar ta buɗe, cutar kuwa ba ta jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, idan dole ne a haɗa su biyun, yaya ake haɗawa? Hanyar da ta fi dacewa, kuma wadda yawancin likitocin tsarin suke ba da shawara a kai, ita ce mutum ya sayi inshora mai sauƙin kuɗin wata amma mai babban kason farko, wato adadin da zai fara biya daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfanin ya soma sa hannu. Irin wannan inshora ba ta da amfani sosai ga ƙananan lalurori, domin mutum zai iya ƙare shekara bai cike kason ba, amma tana tsayawa daram idan babbar lalura ta zo, saboda doka ta sa iyaka ga abin da mai inshora zai kashe daga aljihunsa a shekara a wurin likitocin da kamfanin ya amince da su, kuma a 2025 iyakar ta kasance dala 9,200 ga mutum ɗaya. Likitan kuɗin wata sai ya riƙe ɓangaren yau da kullum, inshora ta riƙe ɓangaren da ke iya rusa gida. A takarda rabon ya yi kyau, kuma ga mutane da yawa yana yin kyau a aikace ma.

Sai dai akwai wuraren da ɗinkin yake ɓarkewa, kuma ya kamata mutum ya san su kafin ya sa hannu. Na farko, kuɗin watan da kake ba likita ba ya shiga lissafin kason farko na inshorarka, don haka wanda ya biya dala 80 a wata, wato 960 a shekara, ga likitansa, ranar da aka kwantar da shi zai fara cike kason ne daga tushe kamar bai kashe komai ba. Haka nan awon jini ko hoton da ka biya da tsabar kuɗi a farashi mai rahusa, sau da yawa kamfanin ba ya ƙirga shi, sai ka zaɓa tsakanin arha a yau da kusantar cike kasonka. Wata matsalar kuma ta fi wannan ciwo. Akwai nau'in inshora, wanda ake kira HMO, da ba ya yarda ka ga ƙwararren likita sai da takardar turawa daga likitan matakin farko da ke cikin jerin kamfanin, kuma likitan kuɗin wata a bisa al'ada ba ya cikin jerin kowa. Mai irin wannan inshora zai iya samun kansa da likitoci biyu, ɗaya wanda ya san shi ya san tarihin jikinsa, ɗaya kuma wanda yake zuwa wurinsa domin sa hannu kawai. Wanda yake da nau'in PPO, inda ba a cika neman takardar turawa ba, ya fi samun sauƙi. Sannan akwai biya sau biyu, domin dokar Obamacare ta tilasta wa kamfanonin inshora su ɗauki nauyin ayyukan rigakafi da dama kyauta, kamar allurai da wasu gwaje-gwajen gano cuta da wuri, kuma wani ɓangare na waɗannan yana cikin abin da kuɗin watan yake saya. Dattijai masu Medicare, wato inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, su ma suna da tasu ƙa'idar, domin likitan da yake son karɓar kuɗi kai-tsaye daga wurinsu a kan ayyukan da Medicare ke biya sai ya fice daga tsarin a hukumance, na tsawon shekara biyu a kowane zango.

Shekaru da yawa babbar ƙorafin masu wannan tsari ita ce ta haraji. Tun 2003 Amurka take da asusun ajiyar lafiya da ake kira HSA, inda mai inshora mai babban kason farko yake zuba kuɗi ba tare da an cire musu haraji ba, ya riƙa biyan magani daga ciki. Hukumar haraji ta ɗauki yarjejeniyar kuɗin wata a matsayin wata kariya ta biyu da ke hana mutum cancantar zuba kuɗi a asusun, wato daidai mutanen da tsarin ya fi dacewa da su ne aka ɗaure wa hannu. Dokar kasafi da haraji da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta warware wannan, ta ce daga 1 ga Janairu 2026 yarjejeniyar da kuɗinta bai wuce dala 150 a wata ga mutum ɗaya ba, ko dala 300 ga wadda ta ƙunshi fiye da mutum ɗaya, ba za ta hana mutum asusun ba, kuma yana iya biyan likitan daga cikinsa. Gyara ne da ya dace, na kuma yi maraba da shi. Amma rangwamen haraji yana amfanar wanda yake da rarar kuɗin ajiyewa ne, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da mutum yake samu. Matar da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wadda albashinta yake ƙarewa kafin wata ya ƙare, wannan gyara bai taɓa ta ba.

Daga nan ne maganar take tashi daga zaɓin mutum ɗaya ta zama ta jama'a. Idan likita mai majiyyata 2,000 ya koma riƙe 600, to mutum 1,400 ne za su fita neman wani likita, kuma za su neme shi ne a ƙasar da ƙungiyar makarantun koyar da likitanci ta yi hasashen cewa nan da 2036 za ta yi ƙarancin likitocin matakin farko tsakanin kimanin dubu ashirin zuwa dubu arba'in. Waɗanda za su rage a rajistar su ne masu iya biyan kuɗi biyu a lokaci ɗaya, waɗanda za su fita kuwa su ne masu ƙaramin ƙarfi da masu Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa hali, waɗanda dama can likitoci da yawa ba sa ɗokin karɓarsu saboda ƙarancin abin da ake biya. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa likitan da gajiya da takardu suka kusa kora daga aikin gaba ɗaya, gara ya tsaya ya duba mutum 600 da ya ajiye aikin ya duba babu, kuma idan ɗalibai suka ga likitan iyali yana aiki cikin natsuwa da mutunci za su ƙara sha'awar fannin. Akwai gaskiya a wannan amsa, ban raina ta ba. Sai dai horar da sabon likita yana cin shekaru masu yawa, mutum 1,400 ɗin nan kuwa a bana suke buƙatar wanda zai duba hawan jininsu.

Abin da nake ganin ya kamata shi ne a kai tsarin inda masu ƙaramin ƙarfi suke, maimakon a bar shi ya zama ɗakin musamman na masu hali. Ƙofar doka a buɗe take tun 2010, domin dokar Obamacare da kanta ta yarda kamfanin inshora ya haɗa shirinsa da likitan kuɗin wata ya sayar da su a matsayin abu ɗaya, amma kamfanoni kaɗan ne suka bi wannan hanya. Masu ɗaukar ma'aikata sun fi su motsi, inda wasu kamfanoni da ƙananan hukumomi suke biya wa ma'aikatansu kuɗin watan a kan inshorar da suke ba su, da fatan za a rage zuwa sashen gaggawa a kan abin da likitan iyali zai iya magancewa. Jihohi ma suna iya gwada biyan kuɗin watan a madadin masu Medicaid. An taɓa gwadawa, domin Qliance ya karɓi dubban masu Medicaid a jihar Washington ta hanyar yarjejeniya da wani kamfanin inshora, kuma a 2017 ya rufe ƙofofinsa saboda matsalar kuɗi. Darasin da na ɗauka daga wannan shi ne tsarin yana da ƙarfi muddin yana ƙarami kuma kuɗin yana zuwa kai-tsaye, da zarar ya jingina da babban mai biya ɗaya sai ya gaji irin raunin da ya gudu daga gare shi. Duk gwajin da za a sake yi sai an ɗaure mai biyan da yarjejeniya mai tsawo da farashin da zai riƙe asibiti.

Mai karatu a Najeriya zai ga wani abu da ya sani a cikin wannan labari. A tsarin inshorar lafiya na ƙasa ana biyan asibitin matakin farko wani tsayayyen kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, kuma tun kafin wannan akwai kamfanoni da manyan gidaje da ke ɗaure yarjejeniya da wani asibiti mai zaman kansa ya riƙa duba mutanensu. Bambancin shi ne a tsarin inshorar kuɗin yana bi ta hannun ɗan tsakiya, kuma idan ya makara ko ya yi kaɗan majiyyaci ne yake gani a fuskar ma'aikatan asibiti. A tsarin Amurka da nake magana a kai majiyyaci da kansa yake biya, kuma yana iya janyewa a ƙarshen wata idan bai gamsu ba, wannan kuwa yana sa likita ya kula.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a New York ko Houston ko Chicago, waɗanda da yawansu suke aikin kansu, shawarata ita ce su bi abin daki-daki. A fara tabbatar da inshora, a duba ko kuɗin shigar gidan ya sa an cancanci Medicaid ko tallafin gwamnati a kasuwar Obamacare, a kuma gane ko shirin da aka saya yana neman takardar turawa. Bayan haka ne za a zauna da likitan kuɗin wata a tambaye shi abin da yarjejeniyarsa ta ƙunsa da abin da ta bari a waje, wanda yake riƙe masa majiyyata idan ya yi tafiya, yadda yake yi da gwajin da ake son inshora ta biya, da ko yana bin majiyyacinsa idan an kwantar da shi. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke buƙatar ganin likita sau shida ko takwas a shekara zai ci ribar dala 960 ɗinsa, har ya ga canji a jikinsa saboda samun wanda ke bibiyarsa. Saurayi mai ƙoshin lafiya da ke zuwa asibiti sau ɗaya a shekara, wanda kuma kuɗinsa ba za su ɗauki biyun ba, ya riƙe inshorar ya haƙura da kuɗin watan har Allah ya hore masa.